Me ya sauya Hergé tsakanin littafinsa na Kwango da na ƙasar Sin?

Mai Fensir, daga Damagaram

Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka san tarihin masu zanen labari ce, musamman waɗanda suka taɓa karanta littattafan Tintin, wanda mu a nan muke kira Tantan. Yau shekara shida ke nan ina zanen labari da gaske, kuma ba yabon kai ba, hannuna ya faɗa. Amma kwanan baya na jera zanena na bana kusa da na shekara uku da suka wuce, sai na ga cewa layin ne kawai ya ƙara tsabta, mutanen da ke ciki kuwa su ne dai na da: Bafulatani da sanda a kafaɗa, Buzu da rawani da takobi, attajiri da tumbi da babbar riga. Idan aka tuɓe musu waɗannan kaya, babu abin da zai rage da zai bambanta wani da wani.

Ina cikin wannan damuwa ne na ari littattafai biyu na Hergé, mai zanen Tintin, a wani ɗakin karatu, na karanta su a mako ɗaya. Na farko shi ne Tintin au Congo, wanda da ƙyar na iya kai shi ƙarshe, domin an zana baƙaƙen fata da manyan leɓɓa, ga lalaci, ga wauta, har suna durƙusa wa yaro Bature da karensa. Na biyu shi ne Le Lotus bleu, wanda labarinsa ya gudana a Shanghai, kuma a cikinsa na tarar da tituna masu rai da mutane masu mutunci, kamar ba hannu ɗaya ne ya yi su ba. Da na duba shekaru sai na ga ya gama na farko a 1931, ya fara na biyu a 1934. Mene ne ya faru da shi a cikin shekara uku? Yawan zane ne, ko malami ya samu? Ina tambaya ne domin ina zargin cewa ciwon da ke cikin littafinsa na Kwango shi ne yake damun nawa zanen, ko da yake ni mutanen ƙasarmu nake zanawa.

Tsohon Malami, daga Maraɗi

Wa alaikumus salam, ɗana. Na koyar da Faransanci shekaru masu yawa, kuma da waɗannan littattafai na sha jan hankalin yaran da ba sa son karatu, saboda haka bari in faɗi abin da na sani.

Sunansa na yanka Georges Remi, an haife shi a Brussels ta ƙasar Beljiyam a 1907, kuma sunan Hergé haruffan farko na sunayensa ne ya juya su, wato R da G yadda ake furta su da Faransanci. Bai yi wani dogon karatun zane ba. A 1925 ya sami aiki a sashen masu biyan kuɗin jarida na Le Vingtième Siècle, jaridar 'yan Katolika da wani limamin coci mai suna Norbert Wallez yake shugabanta, mutumin da ƙaunarsa ga Mussolini, shugaban kama-karya na Italiya, ta kai har ya rataya hotonsa a ofis. Wallez ne ya ɗora shi a kan shafukan yara na jaridar, kuma a nan Tintin ya fara fitowa ranar 10 ga Janairu, 1929, lokacin Hergé yana da shekara 21. Shafi biyu ake bukata duk ranar Alhamis, kuma shi da kansa ya faɗa daga baya cewa sau da yawa yakan jefa Tintin cikin haɗari a ƙarshen shafi ba tare da ya san yadda zai fitar da shi a mako mai zuwa ba.

Abin lura shi ne ba shi yake zaɓar inda labari zai tafi ba. Wallez ya ce a fara da Tarayyar Sobiyet domin a ɓata kwaminisanci, sai Hergé ya ɗauki kusan komai daga littafi guda ɗaya da wani tsohon jami'in jakadancin Beljiyam ya rubuta. Bayan haka shi Amurka yake so, amma mai gida ya ce Kwango, domin a cusa wa yara sha'awar mulkin mallaka da aikin mishan. Bai taka ƙasar ba, bai zauna da ɗan Kwango ba. Abin da ya gani a gidan tarihi na Tervuren, inda ake ajiye kayan Kwango kusa da Brussels, da abin da ya saba ji a bakin manya a gidajen Brussels, shi ya zuba a takarda. Ba ina wanke shi ba ne, ina nuna maka inda ruwan ya fito.

A 1934 aka sanar a jarida cewa Tintin zai tafi ƙasar Sin. Sai wani limamin coci mai suna Gosset, wanda yake kula da ɗaliban Sin a jami'ar Louvain, ya rubuto masa takarda yana cewa ɗalibansa suna karanta jaridar, kuma idan ya zana mutanensu yadda Turawa suka saba, zai ɓata musu rai ƙwarai. Ta wannan hanya aka haɗa shi da Zhang Chongren, wani saurayi ɗan Shanghai, sa'ansa, wanda yake koyon sassaƙa da zane a makarantar fasaha ta Brussels. Sun fara haɗuwa ranar 1 ga Mayu, 1934, daga nan Zhang ya riƙa zuwa gidansa ranar Lahadi har kimanin shekara guda. Ya nuna masa yadda masu zanen Sin suke riƙe burushi su ja layi guda ba tare da komawa kansa ba, ya ba shi labarin abin da Japan take yi wa ƙasarsu, kuma rubutun Sinanci da ka gani a allunan shaguna da bangon tituna a littafin rubutu ne na gaskiya mai ma'ana, har da kiran a ƙaurace wa kayan Japan. Littafin ya nuna 'yan leƙen asirin Japan suna fasa hanyar jirgin ƙasa su ɗora wa 'yan fashin Sin laifi domin su sami hujjar mamaya, kamar yadda aka yi a Mukden a 1931, ya kuma nuna ficewar Japan daga ƙungiyar ƙasashen duniya ta wancan zamani. Jami'an jakadancin Japan a Brussels har ƙorafi suka kai.

Ka koma ka sake duba wurin da Tintin ya tsamo yaron nan Tchang, wanda Hergé ya raɗa wa sunan Zhang, daga kogin da ya yi ambaliya. Suna zaune a bakin ruwa, yaron yana mamakin yadda Bature zai ceci ransa, sai Tintin ya shiga lissafa masa abin da Turawa suka ɗauka game da mutanen Sin: wai mugaye ne masu doguwar tukku, masu cin ruɓaɓɓen ƙwai, masu jefa jarirai a kogi. Yaron ya kwashe da dariya. To, irin wannan mugun mai tukku Hergé ya riga ya zana shi da hannunsa a littafinsa na Sobiyet, shekara biyar kafin nan. Kansa yake yi wa ba'a a wannan shafi.

A ganina, ɗana, ba wani tsalle hannunsa ya yi a shekara ukun nan ba. Abin da ya samu shi ne wanda zai ji kunyarsa. Kafin Zhang, duk wanda ya zana ba zai taɓa ganin zanen ba, balle ya tambaye shi dalili. Da Zhang ya zo, akwai mutumin da zai zauna a falonsa ranar Lahadi ya ɗauki shafin ya duba. Daga wannan littafi ne ya fara tsara labari tun kafin ya fara zane, ya kuma fara tara hotuna da yankakkun shafukan mujallu na jirage da motoci da tufafi, al'adar da bai bari ba har mutuwarsa.

Uwar Biyu, daga Kano

Malam, Allah ya ƙara lafiya, bayaninka ya yi armashi, amma ka yi mini izini in sa gyara, domin yadda ka tsaya za a ɗauka mutumin ya tuba ne a 1934 shi ke nan. A cikin shi kansa Le Lotus bleu, a dubi yadda aka zana 'yan Japan: haƙora a waje, hanci kamar na alade. Mutuncin da aka ba Sinawa bai kai gare su ba. Bayan haka, da Jamus ta mamaye Beljiyam a 1940 jaridarsu ta rufe, ya koma Le Soir da take ƙarƙashin ikon 'yan mamaya, kuma a can ya yi L'Étoile mystérieuse mai ɗauke da zanen cin mutuncin Yahudawa a daidai lokacin da ake farautarsu. Da aka kori Jamusawa a 1944 sau huɗu ana kama shi, aka kuma hana shi aikin jarida, sai da Raymond Leblanc, wanda ya yi gwagwarmaya da 'yan mamaya, ya tsaya masa suka kafa mujallar Tintin a 1946.

Mu dawo kan abin da ya shafe mu. A 1946 ya sake zana littafin Kwango gaba ɗaya da launi, shekara 12 bayan haɗuwarsa da Zhang. Ya rage shi daga shafi 110 zuwa 62, ya gyara layi, ya sauya wurin da Tintin yake koya wa yaran Kwango cewa Beljiyam ce ƙasarsu ya mai da shi darasin lissafi. Leɓɓan da wautar kuwa ya bar su yadda suke. Mai karatun da ya ɗauki littafin yau, wannan gyararren yake gani, ba aikin yaro ɗan shekara 23 ba.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne Coke en stock na 1958. Labarin musulmi ne 'yan Afirka da suka ɗauki hanyar Makka, aka loda su a jirgin ruwa a Bahar Maliya domin a sayar da su bayi. Duk wanda ya san tarihin kakanninmu da suka bi ta Chadi da Sudan a ƙasa, wasu suka yi shekaru a hanya suna aikin ƙodago kafin su tsallaka teku, ya san waɗannan ba sakarkaru ba ne. Mutane ne masu ilimi da dabara da haƙuri. Niyyar Hergé ita ce la'antar cinikin bayi, ban musa ba, amma ya zana su fuska iri ɗaya, suna magana da gurɓataccen Faransanci, har sai kyaftin ɗin jirgi ya yi ta yi musu ihu kafin su gane cewa sayar da su za a yi. Mujallar Jeune Afrique ta soke shi a kan haka a 1962, sai a 1967 ya gyara musu harshe.

Ga wani abin kwatanci. A littafinsa na ƙasar Larabawa, Tintin au pays de l'or noir, abin da ya sa a matsayin Larabci 'yan lanƙwashe-lanƙwashe ne marasa ma'ana, wanda ko ɗan makarantar allo zai gane ba rubutu ba ne, kuma bai zama Larabci na gaskiya ba sai a bugun 1971. Amma da kamfanin da yake buga littattafansa a Ingila ya aiko masa da jerin kurakurai 131 a L'Île noire, irin su kayan 'yan sanda da jiragen ƙasa, nan da nan ya tura mataimakinsa Bob de Moor ya je ya zazzano abubuwan da idonsa, aka sake littafin. Ba a taɓa tura kowa Kwango ba. Saboda haka na yarda da maganar kunya, sai dai kunyar tasa ta tsaya ne a kan waɗanda suka iya zuwa falonsa ko suka iya rubuto masa wasiƙa.

Mai Tawada, daga Zariya

Ni da zane nake ci, ina yi wa masu buga littattafan yara aiki, don haka ƙanena Mai Fensir, ta ɓangaren sana'a zan ba ka amsa. Malam da Hajiya sun yi maganar ido, amma kada ka raina abin da matsi ya koya wa hannunsa. Lokacin yaƙi takarda ta yi wuya, aka mai da shi daga shafi biyu a mako zuwa ɗan layi guda na gidaje uku ko huɗu kullum, kuma dole kowane layi ya ƙare da abin da zai sa a sayi jaridar gobe. Daga 1942 kuma kamfanin Casterman, mai buga littattafansa, ya ƙayyade masa shafi 62, ba ƙari ba ragi. Wannan ƙunci ne ya koya masa yanke duk abin da labari zai iya tafiya ba tare da shi ba. A wannan zamani ne kuma Kyaftin Haddock ya shigo, mashayi mai saurin fushi, ya kawo wa labaran aibin ɗan Adam da shi Tintin ba shi da shi.

Tsabtataccen layin nan da ake yaba masa, wanda wani mai zane ɗan Holan, Joost Swarte, ya raɗa wa suna ligne claire a 1977, yaudarar ido ne. Ka nemi hotunan shafukansa na fensir ka gani: baƙi ƙirin, layi a kan layi, goge a kan goge, wani wuri har takardar ta huje. Sai ya gama wannan dambe ne yake ɗora takarda mai shara-shara a kai, ya zaɓi layi ɗaya tak daga cikin tarin, wanda ya fi rai da sauƙi, ya kwafe shi. Yawancinmu kuskuren da muke yi shi ne mu fara da tsabtar, shi ya sa zanenmu yake fitowa a sandare.

Daga 1950 ya kafa ɗakin aiki da mataimaka, suna yi masa motoci da gine-gine da launi, shi yana riƙe da mutane. Domin labarin tafiya duniyar wata, wanda littafinsa na biyu ya fito a 1954, shekara 15 kafin a taka watan da gaske, har ƙaramin samfurin roka aka ƙera domin a san inda kowane tsani yake. Amma nasarar ta zame masa kurkuku. Ƙuraje suna fito masa a hannu su hana shi aiki, yakan ɓace makonni mujalla tana jira, har ya taɓa zana kansa a duƙe a kan tebur, Tintin na tsaye a kansa da bulala.

Littafin da ni nake ɗauka a matsayin ƙolin aikinsa daga cikin wannan hali ya fito. A ƙarshen shekarun 1950 aurensa yana rugujewa, yana ta mafarkai masu ban tsoro waɗanda komai a cikinsu fari ne fat. Ya je wurin wani likitan ƙwaƙwalwa a Zurich, aka ba shi shawara ya ajiye aiki. Bai ajiye ba, ya zuba farin a cikin Tintin au Tibet, wanda ya fito a 1960. Babu mugu a labarin, babu ɓarawon da ake bi. Jirgin sama ne ya faɗi a kan duwatsun Himalaya da Tchang a ciki, kowa ya ce ya mutu, Tintin ya ƙi yarda ya hau nemansa. Mutumin da ya saba cika gida da kaya sai ga shi yana barin rabin shafi dusar ƙanƙara kawai, da mutane uku ƙanana kamar tururuwa, da wani ɗan ƙyalle rawaya da ya maƙale a jikin dutse. Ka tuna a lokacin shekara 25 ke nan rabonsa da Zhang na gaskiya, wanda ya koma gida a 1935, bai ma san ko yana raye ba. Bayan wannan aikinsa ya ja baya sosai: littafi a 1963, wani a 1968, na ƙarshe da ya kammala a 1976. Ya ma gwada zanen fenti irin na manyan masu fasaha na ɗan lokaci, ya ga ba fagensa ba ne, ya bari.

Shawarata ita ce ka ɗauki littafin zanenka ka tafi kara ranar kasuwa, ka nemi Bafulatani na gaske, ka nuna masa naka Bafulatanin, ka yi shiru ka ji abin da zai ce.

Tsohon Malami, daga Maraɗi

Hajiya, gyaranki ya karɓu, kuma maganar Bob de Moor da Kwango ban taɓa haɗa su haka ba sai yau. Abin da zan ƙara kawai shi ne Hergé ya yi shekaru yana tambayar Sinawan da ya haɗu da su ko sun san Zhang, har aka gano shi a Shanghai, suka sake haɗuwa a Brussels a watan Maris na 1981, dukansu tsofaffi, shi Hergé ciwo ya riga ya ci jikinsa. Ya rasu ranar 3 ga Maris, 1983, ya bar littafi na 24 a matakin fensir, kuma ya riga ya bayyana cewa ba ya son kowa ya ci gaba da Tintin bayansa. An buga shi haka nan a 1986, da goge-gogensa.

Mai Fensir, daga Damagaram

Na gode Malam, na gode Hajiya, Allah ya saka da alheri. Yaya Mai Tawada, na bi shawararka. Na je kara na sami wani dattijo yana zaune a gindin bishiya kusa da shanunsa, na gaishe shi, na ce Baffa ga wani abu ina so ka duba mini. Ya daɗe yana kallon shafin da na zana makiyayi yana tayar da saniya. Na zaci kan mutumin zai yi magana, amma ko kallonsa bai yi ba, sai ya ɗora yatsa a kan saniyar ya tambaye ni ko doki ce. Na ce a'a. Ya ce to me ya sa ta miƙe da ƙafafun gaba, alhali saniya da na baya take fara tashi, ta durƙusa a kan gwiwoyin gaba, sannan ta miƙe? Ya tashi ya taɓa wata da ke kwance da sandarsa, ta tashi a gabana kamar yadda ya faɗa. Shekara shida ina zana shanu, a garin da kullum suke wucewa ta ƙofar gidanmu.

Da muka zo kan makiyayin sai ya kira ɗansa, suka duba tare suna dariya, ɗan ya ciro waya daga aljihu ya ɗauki hoton shafin domin ya nuna wa 'yan uwansa a ruga. Ya ce in dawo mako mai zuwa da gyararren, kuma in zo da wuri, kafin rana ta yi zafi shanun su kwanta.